Babi na Tara: Man da Aksul Yake Sha

Kukan aksul ba ya kama da kukan komai a jikin mota. Wani gunji ne siriri da ke tasowa daga ƙarƙashin bodi ta baya, ya ƙaru idan ka taka totur, ya lafa idan ka ɗaga ƙafa. Na san shi ne a a-kori-kurar yayana, wata Hilux da yake ɗauko buhunan masara da ita daga kasuwannin ƙauye. Aksul ɗinta na asali ya gaji, aka sayo wani na hannu, irin wanda ake kwancewa daga motocin waje. Aka ɗaura da yamma, gari na wayewa ya yi lodi ya kama hanya. Mai sayarwa ya ce da mansa a ciki. Ba wanda ya kwance noti ya leƙa.

Ba a yi mako biyu ba gunjin ya fara. Muka kai ta wurin wani dattijon makanike da ya tsufa a kan aikin giya da aksul. Bai ce a tayar da mota ya saurara ba. Kwali ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashi, ya kwance notin sama na tukunyar aksul, ya zura ƙaramin yatsansa ya lanƙwasa shi ƙasa. Yatsa ya fito a bushe. Da ya kwance notin ƙasa, abin da ya zubo bai cika gwangwanin madara biyu ba, launinsa kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya daɗe da shiga. Kan notin kuwa, inda mayen ƙarfe yake, ya yi tsiri-tsiri da ɓarɓashi kamar bayan bushiya.

Ya miƙa wa yayana notin. "Alhaji, ga haƙoran aksul ɗinka nan."

"Baba, ai cewa aka yi da mai a ciki."

"An ce. Kai ka gani?"

Man da zai ceci wannan aksul bai kai lita 3 ba. Har yau idan na tuna kuɗin da ya tafi, da makonnin da motar ta yi a jingine daidai lokacin kaka, raina yakan ɓaci, domin asara ce da yatsa ɗaya zai hana.

A babin da ya gabata mun ga yadda ake zaɓen aksul da ɗaura shi. Abin da ya saura shi ne wanda aka fi rainawa, kuma a kansa nake so mai karatu ya riƙe magana ɗaya: daga ranar da aka canja wa mota aksul, littafin da ya zo da ita ya daina magana a kan ƙafafunta na baya. Ko sabo ne dal daga wani kamfani daban, ko na wata mota ne aka ɗaura, ko tsohon ne aka zuba wa sabbin haƙora, abin da ke cikin tukunyar ne zai faɗa maka man da yake so da yawan da zai sha.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Farfela tana kawo juyi daga giya, daga gaba zuwa baya, ƙafafu kuwa a gicciye suke. Ƙarafa biyu ne ke karkata wannan ƙarfi: babban faifai mai haƙora da makanikai ke kira kurawun, da ƙaramin da ke tura shi, wato finiyon. A motocin farko finiyon yana haɗuwa da kurawun daidai tsakiyarsa, haƙoran suna birgima a kan juna. Sai injiniyoyin kamfanin Gleason da ke Rochester a Amurka suka fito da dabarar sauke finiyon ƙasa da tsakiyar kurawun, kamfanin motoci na Packard ya fara amfani da ita a 1926. Ita ake kira haifoyid, kuma kusan duk motar da ke ja da ƙafar baya a yau ita take ɗauke da ita. Da ita farfela ta sauka ƙasa, bodi ya bi ta, finiyon ya samu girma da ƙarfi, ƙara ta ragu.

Amma ta zo da nata nauyin. Da zarar finiyon ya bar tsakiya, haƙori ba birgima kaɗai yake yi a kan ɗan'uwansa ba, gogarsa yake, kamar mai wasa wuƙa a kan dutse. Ka ɗora buhu ashirin a bayan mota ka hau tudu, duk wannan nauyi yana taruwa a wurin da bai fi faɗin farce ba. Mai na yau da kullum ba ya iya tsayawa a nan. Matsi zai fitar da shi, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ƙananan tsinin da ido ba ya gani su narke su manne, juyi na gaba ya fizge su. Ɓarɓashin da Baba ya nuna mana ke nan.

Maganin da aka samo shi ne a zuba wa man wasu sinadarai. Da farko an yi amfani da dalma da farar wuta, yanzu kuwa farar wuta da fosfaras. Aikinsu abin mamaki ne. Suna nan kwance cikin mai har sai zafi ya tashi a inda haƙora ke haɗuwa, sai su kama fuskar ƙarfen su yi masa wata siririyar fata. Fatar ce ke gogewa maimakon ƙarfe, tana gogewa wata na maye gurbinta. Wannan warin man aksul mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke kama riga har bayan wanki uku, farar wutar ce kake ji.

Shi ya sa baƙin man inji, komai tsadarsa, ba ya zama man aksul. Balle tsohon da aka juye daga inji, wanda na sha gani ana ɗura wa tifa da sunan "a dai samu abin jiƙawa". Haka man da ake aunawa daga duro zuwa robar ruwa, babu suna babu lamba. Mai saye yakan dangwala ya murza a yatsu, ya ji kauri, ya ce wannan mai kyau ne. Yatsa na iya jin kauri, amma ba ya jin sinadari, kuma sinadarin ne ke tsare haƙori.

Haruffa da lambobin jikin roba

Rubutu biyu za ka nema a jikin robar mai. Na farko yana farawa da GL, mizanin da cibiyar harkar man fetur ta Amurka, API, ta tsara. GL-1 mai ne zalla, ba shi da waɗancan sinadarai. GL-4 yana da su daidai gwargwado. GL-5 shi ne na aksul haifoyid, mai jure gudu da fizga da nauyi, sinadarinsa ya kai kusan ninki biyu na GL-4. Ga aksul na baya, GL-5 ake fara nema.

A nan sunan da muke kiran abin yake yaudararmu. "Man giya" muke ce wa duka, sai yaron gareji ya ɗauko roba ɗaya ya cika giya ya cika aksul. Giyar hannu tana da zobban tagulla da ke daidaita gudu kafin giya ta shiga, su kuwa suna bukatar ɗan kamu, kuma farar wuta mai yawa ba ta shiri da tagulla idan zafi ya yi yawa. Saboda haka giyoyi da dama GL-4 suke so. Idan ragowar wannan GL-4 ɗin aka juye wa aksul mai ɗaukar kaya, ba a ranar za a ga illar ba, sai bayan watanni, lokacin da ba wanda zai tuna abin da aka zuba.

Tsofaffin makanikai sun san wannan darasi tun zamanin Peugeot 404. Aksul ɗinta na farko ba haifoyid ba ne. Wani sandan ƙarfe ne mai murɗaɗɗen zare yana juya faifan tagulla, irin wanda 203 da 403 suka zo da shi, kuma mai na musamman yake sha, wanda ake haɗawa da man zurma, ba a gauraya shi da man da aka tace daga ɗanyen mai. Daga baya aka riƙa fito da wasu 404 ɗin da aksul haifoyid. Mota ɗaya, suna ɗaya, aksul iri biyu, kowane da mansa. Wanda ya dubi rubutun bayan but ya sayi mai, yana iya kashe faifan tagulla da hannunsa.

Rubutu na biyu shi ne na kauri: 90, ko 80W-90, ko 85W-140, ko 75W-140. Wannan mizanin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ne. Mutane da yawa na zaton 90 ya ninka baƙin mai 40 kauri, alhali ma'aunin ne daban. Man aksul 90 bai wuce kaurin baƙin mai 40 zuwa 50 ba. Lambar da ke gaban harafin W tana maganar sanyi: an gwada 85W ya gudana a digiri 12 ƙasa da sifiri, 80W a 26, 75W a 40. Wannan damuwar mutumin Kanada ce. A Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri, inda watan Afrilu ke wuce digiri 40, lambar ƙarshe ce abin dubawa, domin ita ke nuna kaurin da ya rage wa mai idan ya kai digiri 100.

To, 90 ko 140? Ga ƙaramar mota, ko a-kori-kurar da ba ta wuce iyali da ɗan kayan cefane, 90 ya wadatar, shi ne ma abin da Toyota ta daɗe tana rubuta wa Hilux a ƙasashen zafi. Ga motar da ke wuni da lodi a kan kwalta mai zafi, ko mai jan tirela, ko wadda aka sa wa manyan tayoyi, ni 140 nake zaɓa muddin wanda ya ƙera aksul ɗin bai hana ba. Kada dai a ɗauka duk inda kauri ya ƙaru alheri ya ƙaru. Mai kauri yana jan ƙarfin inji, yana ƙara shan fetur, kuma a aksul mara nauyi shi kansa yana haifar da zafi saboda wahalar kaɗa shi.

Zafi kuwa shi ke tsufar da mai. Ƙa'idar da masu harkar mai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. Nan ne man sintetik ya fi na asali: ya fi jure zafi, ya fi daɗewa. Sai dai, kamar yadda za mu gani, akwai maƙeran aksul da ba sa son sa.

Aksul mai riƙe ƙafa biyu

Kafin ka sayi mai, ɗaga ƙafafun baya duka biyu da jak, ka tokare na gaba, ka saki birkin hannu, giya a firi. Juya taya ɗaya da hannu ka sa wani ya kalli ɗayar. Idan ta juya ta baya, mai yiwuwa aksul ɗin na gama-gari ne, wanda ke barin kowace ƙafa ta yi gudunta a kwana, kuma shi ne ke barin taya ɗaya na wulwulawa cikin taɓo ɗayar na tsaye. Idan kuwa ta bi 'yar'uwarta, to akwai abin da ke riƙe su tare. Galibi faya-fayan kuloci ne a jere a cikin tukunyar, kuma a jikin irin wannan aksul akan ga 'yar takarda mai haruffan LSD kusa da notin zuba mai. A kayan hannu takardar takan goge, shi ya sa gwajin taya ya fi abin dogaro.

Waɗannan faya-fayai suna so su zame a hankali idan mota na shan kwana. A cikin GL-5 zalla ba sa zamewa, kamawa suke su saki, su kama su saki, sai ka ji bayan mota na karkarwa da wata ƙara gar-gar-gar idan kana juyawa a hankali a tasha ko ƙofar gida. Direbobi da yawa sun canja boris da roba da shokoba a kan wannan ƙara, alhali ɗan maganin santsi ne babu. Ana sayar da shi a ƙaramar kwalba. Na kamfanin Ford mai suna XL-3 oza 4 ne, wato mililita 118. Wasu robobin mai kuma suna zuwa da shi a haɗe, za ka ga LS a jikinsu. Idan da kanka za ka haɗa, fara zuba maganin kafin mai, don kada tukunya ta cika ya rasa wurin shiga. Bayan nan ka sami fili ka yi ta zagaye a hankali, dama da hagu, kamar sau goma, har man ya ratsa tsakanin faya-fayan. Idan ƙarar ba ta tafi ba ka ƙara kaɗan. Kada ka wuce haka: magani ya yi yawa, kuloci zai daina kamu, aksul ɗin da ka saya da tsada ya koma na gama-gari.

Akwai kuma wanda ba shi da kuloci ko ɗaya, da murɗaɗɗun haƙora yake riƙe ƙafafu, kamar Truetrac na kamfanin Eaton. Shi gogayya ce ƙarfinsa, don haka kamfanin ya ce kada a zuba masa maganin santsi. Gwajin taya ma yana iya ɓoye shi, domin idan ba nauyi a kansa yakan yi halin na gama-gari. Wannan sai an buɗe an gani, ko an karanta takardarsa.

Darasi daga aksul mai inci 9

Inda sana'ar ƙera aksul na canji ta fi bunƙasa shi ne Amurka, kuma babban ɓangarenta a kan aksul ɗaya ya ginu. Kamfanin Ford ya fito da shi a 1957, ya daina yin sa a 1986. Ana kiransa mai inci 9 saboda faɗin kurawun ɗinsa. Ford ya bari, amma masu tsere da masu hawan duwatsu ba su bari ba. Kamfanoni irin su Currie a Kalifoniya, Moser a Indiyana da Strange a Ilinoyi suna ƙera shi sabo tun daga tukunya har noti, ana ɗaura shi a motocin da ba su haɗa komai da Ford ba. Motocin babbar gasar tseren NASCAR, har da masu tambarin Chevrolet da Toyota, da irinsa suka yi ta gudu har zuwa 2021. An so shi ne don ƙarfinsa, da kuma yadda ake zare kurawun da finiyon gaba ɗaya ta gaba a ɗora a kan benci, kamar dai yadda makanikanmu ke zare na Hilux.

Sirrin ƙarfinsa shi ne kuma matsalarsa. Finiyon ɗinsa ya sauka inci 2.25 ƙasa da tsakiya, alhali na Chevrolet mai noti 12 inci 1.5 ne. Haƙora sun fi kama juna, amma guga ta fi yawa, zafi ya fi yawa. Don aksul masu irin wannan zurfi aka taɓa kafa mizanin GL-6, wanda API ta ajiye daga baya saboda injinan gwajinsa sun ƙare. Currie ya daɗe yana gaya wa masu sayen aksul ɗinsa su zuba 85W-140 na asali, su guji sintetik. Wasu maƙeran ba su ga laifin sintetik ba, kuma gardamar ba ta mutu ba har yau. Ni dai ra'ayina a nan ba shi da wuya: wanda ya yanka haƙoran, ya kuma ɗauki alkawarin gyara idan suka lalace, maganarsa ce gaba da ta mai sayar da mai, gaba da tawa.

Abu biyu kuma masu sayen irin wannan aksul suka koya da kuɗinsu, kuma sun shafi duk wanda ya ɗaura aksul ko a ina yake. Na farko, sabon aksul a bushe ake aiko shi. Abin da ka gani yana ƙyalli a jikin haƙora ɗan shafe ne na hana tsatsa, ba zai kai ka ƙarshen layi ba. Na biyu, tukunyar canji ba lallai ta yi girman ta asali ba. Ta Ford ta asali tana shan kusan lita 2.5, amma waɗanda ake ƙerawa yanzu wasu sun fi faɗi, wasu an sa musu murfin zuba mai a can sama, wanda in ka ce sai ya cika za ka daina, ka nutsar da komai. Idan takardar ta zo da awon Amurka, kwat ɗaya mililita 946 ne, bai kai lita ba.

Zubawa

Mota ta tsaya a wuri lebur, kan rami ko kan ƙafafunta huɗu. Idan bayanta kaɗai aka ɗaga, awon ya tashi daga gaskiya.

Notin sama ake fara kwancewa, kullum. Na ga aksul da aka juye masa mai tas, sannan aka tarar notin zubawa ya ci tsatsa ya ƙi motsi, kansa ya murje. Mota ta kwana uku a gareji kafin a samu mai walda. A Hilux da 'yan'uwanta notin mai lamba 24 ne, kuma kansa gajere ne, sifana mai baki shida ce ba ta murje shi. Goge kewayen ramin da tsumma kafin ka buɗe, domin ƙasar da ta faɗa ciki ba ta da hanyar fita.

Idan da tsohon mai a ciki, juye shi da ɗuminsa, bayan 'yar tafiya, ka tara a kwano mai haske ka duba. Baƙin laushi kamar kwalli a kan mayen ƙarfe ba abin tsoro ba ne, cin yau da gobe ne. Gutsattsarin da kake ji a yatsa, ko walƙiya a cikin mai, wannan magana ce ta buɗe tukunya kafin a yi asarar sabon mai. Aksul na hannu kuwa, ko mai sayarwa ya rantse, juye abin da ke ciki. Ba ka san shekarun da ya yi a yadi ruwan sama na dukansa ba.

Sai zubawa, da famfon hannu ko da siririn tiyo a bakin roba. Man na da nauyi, ba ya son gaggawa. Idan da sanyin hunturu ne, ajiye robar a rana ta ɗan saki. A yawancin aksul, ma'aunin shi ne leɓen ramin gefe na ƙasa: ka zuba har ya fara dawowa, ka dakata ya tsaya da ɗiga. Kada ka rufe nan take. A wasu aksul man tukunya ne ke bi ta cikin hannayen aksul ya jiƙa boris ɗin ƙafa, kuma idan hannayen a bushe suke za su janye wani kaso. Ba shi minti goma, ka juya tayoyin, ka sake zura yatsa.

Dalilin wannan awo yana da kyau a fahimce shi. Babu famfo a cikin aksul. Kurawun ne ke tsoma gindinsa cikin mai, ya ɗebo, ya watsa sama, man ya bi wata 'yar hanya ya gangara wurin boris ɗin finiyon. Idan mai ya yi ƙasa, boris ɗin finiyon na gaba ne ke fara mutuwa, shi ya fi nisa da tafkin. Wannan ya fi tsanani a motar da aka ɗaga, aka karkata hancin aksul sama don ya dubi farfela: boris ya ƙara hawa, ramin awo kuma ya bar inda maƙeri ya nufa. A irin wannan hali ba a dogara da rami. Ana auna litar da maƙerin ya faɗa a zuba.

Cikawa fiye da kima ma ba gata ba ce. Kurawun zai kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Zafi ya tashi, man ya nemi hanya, ya tura sil ɗin ƙafa ya zubo a kan takalmin birki. Duk tayar baya da ka ga cikinta ya jiƙe da mai mai warin farar wuta, birkin wannan ƙafar ya tafi.

Kafin ka fito daga ƙarƙashi, laluba saman aksul. Akwai wani ɗan ƙarfe mai hula, bai fi kan yatsa ba, ta nan aksul ke numfashi. Idan ya yi zafi iska ta fita, idan ya huce ta shiga. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna toshe shi, sai iskar ta koma fita ta sil, da mai a bayanta. Juya hular ka ji tana motsi. Ta wannan hanci, da ta sil, ruwa ke shiga idan aksul mai zafi ya faɗa rafi: sanyi ya tsuke iskar ciki, ta zuƙo abin da ke waje. Mai ƙetare rafuka da damina ya sa masa dogon tiyo ya ɗaure a sama jikin shasi, kuma duk ranar da ruwa ya rufe aksul, ya kwance noti ya duba launin mai. Daga nan sai sabon washa a kowane noti, a ɗaure daidai, ba da bututu a kan sifana ba.

Kilomita 800 na farko

Idan kurawun da finiyon sababbi ne, aiki bai ƙare ba. Sabbin haƙora ba su san juna ba, sai sun goge sun zauna, kuma a wannan zaman suna yin zafin da ba za su ƙara yi ba. Abin da maƙeran haƙora suka saba faɗa shi ne a yi tafiyar kilomita 25 zuwa 30 a hankali, a tsaya aksul ya huce sarai, a maimaita sau biyu ko uku. Babu lodi mai nauyi, babu jan wata mota, babu doguwar tafiya a guje, har sai an cika mil 500, wato kilomita 800. Sannan a juye man a zuba sabo, domin na farkon ya kwashe ɓarɓashin zama, kuma zafi ya ci ƙarfinsa.

Na san wannan ita ce shawara mafi wuyar bi ga mai motar haya. Mota ta kwana biyar a gareji, ga bashin kaya, ga iyali, ga dillali na kira. Amma kilomita 800 bai fi zuwa Kaduna daga Kano da dawowa sau biyu ba, kuma rabin lodi na mako guda ya fi sauƙi a kan sayen kurawun sau biyu.

Da aka ɗaura wa motar yayana aksul na uku, Baba bai bar yaransa su rufe noti ba. Ya kira mai motar, ya matsa masa a kan kwalin. "Alhaji, shigo ka taɓa da hannunka." Ya shiga da farar rigarsa, ya zura yatsa, ya fito da shi a jiƙe. Kai ma, ranar da za a ɗaura maka aksul, kada ka bar garejin sai ka ga robar man da idonka, ka karanta abin da aka rubuta a jikinta, ka kuma taɓa man a bakin rami.